Dankali Kilo Uku

Tsohuwar laftof ɗina ta mutu ran Talata.
Gishirin iskar teku ya cinye mata ciki,
ta yi tari sau biyu, ta rufe ido.
Ga zanen gidan su Riquelme ban gama ba,
gidan katako da kwano a gefen tsauni
wanda ruwan bara ya zare wa ƙafa ɗaya.

A shago, can ƙasa kusa da tashar jiragen ruwa,
Nibaldo ya jera mini su kan tebur:
babba, inci sha bakwai, faɗi kamar faranti,
sai ƙarama, inci sha uku,
da tabulet a gefenta, da siririn alƙalaminsa.
Kuɗin kusan ɗaya ne, in ji shi,
ya koma kan burodinsa ya bar ni da su.

Idona ya ce babba.
Shekara arba'in da shida yana yi mini bauta,
yanzu yana so ya ga gida sukutum
ba sai an ja taga an ture ƙofa ba.
Kafaɗata ta ce: ke da wa?
Valparaíso ai tsani ce aka shafa wa fenti.
Matakala ɗari da sittin da biyu
tsakanin titi da ƙofarmu,
keken hawan tsaunin unguwarmu kuwa
yau lafiya, gobe an rataya masa takarda.

Na kira yayana Aliro.
Taura biyu ba ta taunuwa, Ximena, ya ce,
caja biyu, jaka biyu,
abin mantawa biyu a cikin bas.
Shi da ke zaune a ofis a Santiago,
kwamfutarsa ba ta taɓa ganin rana ba.

Sai na bi ta kasuwa.
Dankali kilo uku, nauyin babbar da cajarta,
na zuba a jaka kan tef ɗin awo da gorar ruwa,
na kama hawa.
A ta arba'in ina waƙa.
A ta tamanin madaurin jaka ya fara cizo.
A ta ɗari da goma na zauna
kusa da wani kare mai barci,
ina haki, ina kallon jiragen kaya a ƙasa
ƙanana kamar kwalin ashana.
Karen bai ko ɗaga kai ba.

Washegari na sayi ƙaramar da tabulet.

Mako guda na yi ina sarauta.
Ina kan tsani, tsagar bango a gabana,
ina zana ta a gilashi tana kallona.

Ran Lahadi uwata Herminda,
wadda yana ta rufe wa rabin duniya,
ta ce miƙo mini abin nan in taɓa.
Na kira mata jikanta da ke Malmö.
Ta kawo allon har bakin hancinta,
ta yi shiru,
sannan ta ce: ashe haƙorinsa ya fita.
Shekara uku muryarsa kawai take ji,
fuskar kuwa ɗan hazo a wayar hannu.

Tun ranar tabulet ƙarƙashin matashinta yake kwana.
Alƙalamin ma da shi take soke gashinta.

Ni ga ni a teburin kicin
da inci sha uku da sabon tabarau,
ina jan taga, ina ture ƙofa,
a kan tsani kuma na koma takarda da fensir.
Aliro ya bugo: to, wanne kika zaɓa?
Na ce na zaɓi biyu, na tsira da ɗaya.

Dankalin da kifi muka ci shi,
Mama ta ce gishiri ya yi kaɗan.